Wane Allo Za Ka Ɗora Samplarka a Kai: Pico, ESP32, Teensy, Daisy ko Raspberry Pi?

Sampla na'ura ce da ke riƙe gutsuren sauti, bugun ganga ko tafi ko kalma ɗaya daga bakin mawaƙi, ta sake shi duk lokacin da aka taɓa maɓalli. Sikwensa kuma ita ke jera gutsattsarin a kan lokaci: wannan ya fito a taku na 1, wancan a taku na 5, in ta kai ƙarshe ta komo fari. Duk wanda ya ƙudurta haɗa su biyun cikin akwati ɗaya da hannunsa, abin da zai fara yanke wa shawara shi ne allon da zai zama ƙwaƙwalwar na'urar. Yawancin masu farawa saurin allo suke dubawa, alhali abin da ke raba gardama shi ne inda sautin zai zauna, da kuma ko na'urar za ta ɗauki sauti da kanta ko daga kwamfuta za a riƙa zuba mata.

Sai an yi ɗan lissafi kafin a sayi komai. Sauti mai ingancin faifan CD yana nufin awo 44,100 a kowace daƙiƙa, kowane awo bit 16, wato bait 2. Daƙiƙa ɗaya ta sautin hanya ɗaya tana cin bait 88,200, ta hanya biyu kuma ninkin haka. Bugun ganga guda bai cika wuce rabin daƙiƙa ba, don haka gutsure 16 na kiɗa za su shiga cikin kilobait 700 ko kusa da haka. Amshin waƙa na daƙiƙa 8 kuwa shi kaɗai zai cinye wannan adadin. Kada ƙarancin wuri ya karya maka gwiwa: E-mu SP-1200 ta 1987 daƙiƙa 10 kacal take riƙewa, a bit 12 da awo kusan 26,000, Akai MPC60 ta 1988 kuma daƙiƙa 13, kuma da su aka gina wani zamani guda na kiɗan hip-hop a Amurka. Sai dai ka san tun yanzu ko injin ganga kake so ko na'urar ɗaukar murya, domin allunansu daban ne.

Arduino Uno da Nano mu sallame su da wuri. ATmega328P da ke cikinsu kilobait 2 na RAM gare shi, wato ma'adanar aiki da ke mantuwa in wuta ta ɗauke, da kilobait 32 na filash, ma'adanar da ba ta mantuwa. Ko an rage sauti zuwa bit 8 da awo 8,000, abin da zai shiga bai kai daƙiƙa 4 ba, kuma zai fito kamar rediyon da batirinsa ya yi sanyi. Inda Nano ke da amfani shi ne sikwensa zalla, wadda ba ta fitar da sauti sai dai ta aika umarnin MIDI, harshen da kayan kiɗan lantarki ke magana da juna da shi, zuwa piyano ko wani injin. A wannan aikin ya wadatar, kuma da yake da 5V yake aiki, haɗa shi da MIDI ya fi sauƙi.

Raspberry Pi Pico, wanda ya fito a Janairun 2021 a kan dala 4, shi ne wurin da ya fi dacewa mai farawa ya sa ƙafa. Yana da cibiyoyin aiki biyu masu gudun 133 MHz, RAM kilobait 264, filash megabait 2. In manhaja ta ci rabin megabait, saura ɗaya da rabi, wato daƙiƙa 17 na sautin hanya ɗaya, ko 34 in an sauko zuwa awo 22,050. Ga injin ganga wannan yalwa ce. Ana mayar da fayilolin WAV jerin lambobi a haɗa su cikin manhajar, allon ya riƙa karanta su kai tsaye daga filash, babu katin SD balle jiransa. Cibiyoyin biyu su ne babbar ribarsa: ɗaya ta tsaya a kan haɗa sauti kaɗai, ɗayar ta kula da maɓallai da fitilu da allon rubutu. Ba shi da I2S a gine, wato hanyar aika sauti zuwa guntun da ke fitar da shi, amma sashensa na PIO, mai sarrafa ƙafafu yadda aka tsara masa, yana yin aikin sarai. A laburaren Arduino na Pico, ƙafar LRCK dole ta kasance mai bin ƙafar BCK a lamba, misali GP20 da GP21. Wanda bai san haka ba zai yini yana neman laifin waya.

Raunin Pico uku ne, kuma kowanne yana da sakamako a aikace. Na farko, ba shi da sashen lissafin lambobi masu ɗigo, don haka haɗa sauti da sauya amo sai da cikakkun lambobi. In ka cika float, wato lambobi masu ɗigo, a cikin madaukin sauti, zai yi masa nauyi. Na biyu, lokacin da ake rubutu a filash ba a iya karanta shi, kuma daga can manhajar da sautin duka ke fitowa. Ma'ana, in ka danna adana tsari kiɗa yana tafiya, sautin zai yanke na ɗan lokaci. Mafita ita ce adanawa bayan an tsayar da kiɗa, ko ƙara ƙaramin EEPROM irin 24LC256 a kan I2C. Na uku, ƙafafun auna ƙarfin wuta uku ne kawai a waje, GP26 zuwa GP28, kuma duk da an rubuta bit 12, abin dogaro a cikinsu bai kai bit 9 ba. Sun isa karanta mamurɗi, wato abin murɗawa irin na ƙara sautin rediyo, ba su isa ɗaukar murya mai tsabta ba. Pico 2 na Agustan 2024 ya magance na farkon, ya ƙaro RAM zuwa kilobait 520 da filash zuwa megabait 4, da ƙarin dala 1 kacal. In ka samu shi, ɗauke shi ka bar na farkon.

ESP32 shi ne wanda aka fi samu a hannun masu sayar da kayan lantarki, kuma a takarda ya fi Pico komai: cibiyoyi biyu a 240 MHz, sashen lissafin ɗigo, I2S a gine mai shiga da fita. Amma sunan ya rufe alluna da yawa, kuma bambancinsu ne zai yi maka aiki ko ya ɓata maka. WROOM na gama-gari ba shi da PSRAM, wato ƙarin guntun RAM, don haka bai fi Pico wurin ajiya ba sosai. WROVER yana da ita, sai dai tsohon ESP32 megabait 4 kawai yake iya gani kai tsaye ko da an sa masa 8. Wanda ya dace da sampla shi ne ESP32-S3 mai lambar N16R8: filash megabait 16, PSRAM megabait 8, wato kusan daƙiƙa 95 na sautin da za a iya ɗauka da makirfo a kuma buga nan take. Duba rubutun da ke kan murfin ƙarfen da idonka kafin ka biya, domin allunan kama ɗaya gare su.

Wahalar ESP32 a ƙafafunsa take. A tsohon, GPIO 34 zuwa 39 shiga kawai suke yi kuma ba su da rizistar ja-sama a ciki, maɓallin da aka ɗora a kansu haka nan zai riƙa danna kansa. GPIO 12 in aka ja ta sama lokacin kunnawa, allon zai ƙi tashi gaba ɗaya, kuma wannan yakan faru ga masu haɗa katin SD. WROVER ya riƙe 16 da 17 don PSRAM, S3 N16R8 kuma ya riƙe 35, 36 da 37. DAC ɗin da ke cikin tsohon ESP32, wato sashen da ke mayar da lambobi sauti, a GPIO 25 da 26 bit 8 ne, a bar shi don gwaji. S3 ma ba shi da shi sam. Sannan a kashe WiFi da Bluetooth baki ɗaya, domin suna katse aikin sauti kuma suna jan wuta a fizge, fizgar da za ka ji ta a lasifika. Wanda ke da haƙurin karanta takardar bayanin allo zai sami sampla ta gaske a ESP32-S3 da kuɗi kaɗan. Wanda ba shi da wannan haƙurin zai sha wuya fiye da mai Pico.

Teensy 4.1, na kamfanin PJRC da ke Amurka, ya fito a 2020 kuma kuɗinsa kusan dala 30 ne kafin kuɗin jigila. A ganinmu shi ne zaɓin da ya fi kai mutum ga na'ura mai aiki, in aljihu zai ɗauka. Gudunsa 600 MHz, RAM megabait 1, filash megabait 8, ga ramin katin SD a jikinsa mai layi huɗu, wanda ya fi na SPI sauri nesa. A bayansa akwai gurabe biyu da ake liƙa guntun PSRAM mai megabait 8 kowanne, jimilla 16, wato sama da minti 3 na sauti. Guntun ƙafa takwas gare shi, ƙanana ne amma masu gyaran waya suna liƙa waɗanda suka fi su ƙanƙanta kullum. In hannunka bai saba da dalma ba, kai musu. In guda ɗaya za ka sa, a ƙaramin gurbin ake sa shi.

Abin da ya ɗaga Teensy shi ne laburaren sautinsa. Akwai shafin da ake ja akwatuna a haɗa su da layi, mai buga fayil zuwa mahaɗi zuwa mafita, ya ba ka kod ɗin da za ka kwafa. Yana aiki a awo 44,100 da bit 16, cikin ƙunshi-ƙunshi na awo 128, kowane ƙunshi milisakan 2.9. Allon sautin da ake ɗora masa, mai guntun SGTL5000, yana da mashigar layi da ta makirfo da mafitar abin kunne, don haka ɗaukar sauti ba ya buƙatar ƙarin komai. A tabbata an sayi sigar D, ita ce ta Teensy 4. Abubuwa biyu ke ba masu shi mamaki. Mahaɗin laburaren hanya huɗu gare shi, murya takwas sai an haɗa biyu a zuba su cikin na uku. Kuma masu buga fayil na asali ba sa sauya amo, sai ka ƙara wani laburare ko ka rubuta naka. Ƙafafunsa ba sa jure 5V ko kaɗan; taɓawa ɗaya ta isa ta ƙona allon dala 30.

Daisy Seed na Electrosmith don kiɗa aka ƙera shi tun asali. Farashinsa kusa da na Teensy, amma ya zo da guntun sauti mai bit 24, shiga biyu fita biyu, da SDRAM, wani nau'in RAM, megabait 64. In an ajiye sauti a bit 16 wannan ya haura minti 12. In an bar shi a float a awo 48,000, kamar yadda laburarensa ke aiki, zai sauko ƙasa da minti 6. Ƙunshinsa na asali awo 48 ne, milisakan 1, kuma ana iya ragewa. Don ɗaukar dogon sauti, yanka shi, sauya amo da ƙara amsa-kuwwa, babu na biyunsa a wannan jerin. Amma ba shi da ramin katin SD, sai ka haɗa da kanka da gajerun wayoyi, kuma SDRAM tana mantuwa da zarar wuta ta ɗauke, don haka katin ya zama dole ga dogon sauti. Filash ɗin cikin guntun kilobait 128 ne kawai. Da manhaja ta ƙunshi katin SD da allon rubutu sai ta cika shi, a koma amfani da manhajar tayarwa ta musamman. Mafitarsa ta layi ce, ba ta tura abin kunne. Wanda ya iya C++ zai ji daɗinsa. Wanda yau ya fara, ya fara da wani.

Raspberry Pi mai Linux, irin Pi 4 ko Zero 2 W, ya kawar da zancen wurin ajiya gaba ɗaya: ko Zero 2 W megabait 512 gare shi. Kana iya rubuta komai da Python ko Pure Data. Farashin wannan sauƙin shi ne ka koma riƙe da kwamfuta. Tana ɗaukar daƙiƙa 20 ko fiye kafin ta tashi. Ramin abin kunnen Pi 4 yana da shuu kuma ba ya ɗaukar sauti, Zero ma ba shi da ramin, saboda haka sai an ƙara katin sauti. Ba ta da ƙafar auna ƙarfin wuta ko ɗaya, mamurɗi sai da ƙarin guntun MCP3008. Jinkirin sauti ana iya saukar da shi zuwa milisakan 5 ko 6 da ƙunshi biyu na awo 128, amma sai an gyara saitunan tsarin, kuma Linux na iya shagala da wani aiki a tsakiyar kiɗa. Babbar matsalar a wurinmu ita ce wuta: in aka ɗauke ta Pi na cikin rubutu, katin kan lalace, na'urar ta ƙi tashi. Akwai saitin da ke mayar da katin na karatu kawai a cikin raspi-config, kuma wajibi ne a kunna shi. Pi 4 tana son 5V da amfiya 3, abin da caja mai arha ba ta bayarwa. A zaɓe ta in aikin shi ne buga dogayen sautukan piyano ko goge masu ɗaruruwan megabait daga madannin MIDI. Don akwatin ganga mai maɓalli 16, ta yi yawa kuma ta yi rauni a lokaci guda.

Mafitar sauti ga Pico da ESP32, har ma da Teensy in ba a son allon sautinsa, ita ce ƙaramin allon PCM5102A. Waya uku ce ta bayanai, BCK da LRCK da DIN, sai wuta da GND. Kusan duk wanda ya ce nasa ya ƙi magana, ɗayan abu biyu ne: bai haɗa ƙafar SCK da GND ba, wanda shi ke sa guntun ya samar wa kansa agogo, ko kuma XSMT ba ta sama, guntun yana kulle da bakinsa. A bayan allon akwai gadoji huɗu na dalma. FLT da DEMP da FMT ƙasa, XSMT sama. Wasu allunan suna zuwa ba a liƙa su ba. Fitarsa ta kai 2.1V, daidai da shiga mikisa ko amfilifaya. In ƙaramar lasifika kake so a jikin akwatin, MAX98357A yana karɓar I2S ya tura lasifika mai om 4 kai tsaye, hanya ɗaya. Wajen shiga kuwa, makirfon INMP441 shi ne mafi sauƙi, amma don ɗauka daga waya ko mikisa sai PCM1808, wanda ke buƙatar babban agogo mai ninki 256 na yawan awo daga allonka. Wannan ƙarin wayar ita ce dalilin da ya sa ɗaukar sauti ya fi sauƙi a Teensy da Daisy.

Katin SD yana yaudarar mutane da yawa. Murya takwas suna buƙatar kilobait 706 a daƙiƙa, adadin da kowane kati zai bayar in fayil ɗaya ake karantawa a jere. Sampla kuwa tsalle take yi tsakanin fayiloli takwas, kuma kowane tsalle yana da jira, wani lokaci jiran ya yi tsawon da ƙunshin sauti zai ƙare kafin sabo ya iso, sai ka ji ƙas. Katin jabu ya fi yin haka. Hanya mafi aminci ita ce kwashe duk gutsattsarin zuwa PSRAM lokacin kunnawa, katin ya zama rumbu kawai. In ba za su shiga ba, ajiye milisakan 100 na farkon kowanne a RAM, bait 8,820 kenan, gutsure 16 kilobait 141. Bugun zai fito nan take daga RAM yayin da katin ke nemo sauran. Wani tarkon kuma kan fayil ɗin WAV ne. Ana yawan cewa bait 44 ne, amma manhajojin gyaran sauti sukan cusa bayanan suna a ciki. In ka tsallake 44 a makance, za ka buga rubutu a matsayin sauti, kowane bugu ya fara da ƙara. Nemi alamar data a cikin fayil ɗin ka fara daga bayanta.

Haɗa muryoyi tarawa ce kawai, amma a tara su cikin lamba mai bit 32, a rage ƙarfi, sannan a datse duk abin da ya haura 32,767 ko ya gaza −32,768 kafin a mayar bit 16. In ba a datse ba, lambar kan juya ta koma ɗaya ɓangaren, ƙarar da ke fitowa kuwa tana iya illata ƙaramar lasifika. Haka kuma in an sake buga gutsure bai ƙare ba, kada a yanke shi tsaye. A sauke shi cikin milisakan 2 zuwa 3, awo kusan 90 zuwa 130, ƙas ɗin zai ɓace.

Lokaci shi ne ran sikwensa, kuma a nan allo mai tsada ba ya ceton kod mara kyau. A bugu 120 a minti, taku ɗaya cikin 16 milisakan 125 ne. Mai amfani da delay zai ga kiɗa yana ja da baya, domin lokacin karanta maɓallai yana ƙaruwa a kan jiran. Mai amfani da millis a babban madauki zai ji kiɗa yana ɗingishi duk sanda allon rubutu ya sabunta: ƙaramin OLED na SSD1306 bait 1,024 yake karɓa, a I2C mai gudun 400 kHz hakan ya haura milisakan 20, kashi ɗaya cikin shida na taku. Agogon da ba ya ƙarya shi ne na sautin kansa. Ƙirga awo: taku ɗaya shi ne 44,100 sau 60, a raba da bugu sau 4. A bugu 100 awo 6,615 ne cif. A 120 kuwa 5,512.5. Kada a jefar da rabin nan. In an jefar, awo 4 ke zubewa kowace daƙiƙa, cikin minti 3 an kauce da milisakan 16, abin da zai fito fili in ana ɗora murya a kwamfuta. A Pico da ESP32 da Daisy kai ke rubuta madaukin sauti, don haka kana iya tada gutsure a kan ainihin awon da ya dace. A Teensy, in ka dogara da laburaren yadda yake, bugu yana faɗawa ne a farkon ƙunshi, kuskuren zai iya kai milisakan 2.9. Yawancin kunnuwa ba za su kama shi ba, amma mai son daidaito sai ya rubuta nasa akwatin bugawa.

Lanƙwasa kiɗa, abin da MPC ta shahara da shi, jinkirta kowane taku na biyu ne. Taku biyu a bugu 120 milisakan 250 ne. Kashi 50 cikin ɗari yana nufin na biyun ya faɗo a 125, kashi 58 a 145, kashi 66 kuma ya kai rabon uku-uku. Layi biyu ne na kod in agogonka na ƙirga awo ne.

MIDI, in ana so, tana tafiya a bit 31,250 a daƙiƙa, saƙo mai bait 3 yana cin kusan milisakan 1, agogonta kuma bugu 24 ne a kowane bugun kiɗa, wato 6 a kowane taku. Mafita a allon 5V rizista biyu ce ta om 220. A allon 3.3V kuwa om 33 zuwa ƙafa ta 4 da om 10 zuwa ta 5. Mashiga dole ta bi ta H11L1 ko 6N138, da om 220 da diyod 1N4148, don kada GND ɗin na'urori biyu su haɗu su kawo gurnani.

Maɓallai 16 ba sa buƙatar ƙafa 16. Jeri huɗu-huɗu yana cin ƙafa 8, amma kowane maɓalli sai da diyod 1N4148, in ba haka ba danna uku tare zai haifar da na huɗu da ba a taɓa ba. Guntu biyu na 74HC165 suna karanta 16 da ƙafa 3 kawai, kowane maɓalli da rizistar kilo-om 10. Karɓi dannawa tun a karon farko, sannan ka yi watsi da maɓallin na milisakan 5; masu jira sai ya nutsu kafin su karɓa suna ƙara wa kansu jinkiri a banza. Mamurɗai su zama B10K, a haɗa su da 3.3V, in sun yi yawa a bi da su ta CD74HC4067 mai hanya 16, a ɗan dakata bayan sauya hanya kafin karantawa. Ƙurar hunturu tana shiga mamurɗi buɗaɗɗe ta sa lambarsa rawa, don haka kod ya ƙi karɓar canjin da bai kai wani ƙaramin mizani ba. Fitilun WS2812B suna da kyau da waya ɗaya, sai dai kowace tana iya jan 60 mA, 16 kusan amfiya guda, kuma su ne kan gaba wajen zuba tsiwa cikin sauti. Rage haskensu zuwa kashi goma cikin ɗari, ja musu wayar wuta da GND tasu daban tun daga tushe, ka sa kafasita 100 µF da 100 nF dab da allon DAC.

Fawa-bank ya fi caja tsabtar wuta, ya kuma raba ka da hawa da saukar janareta, amma da yawansu suna kashe kansu in abin da ake ja ya yi kaɗan, kuma Pico da DAC da OLED ba sa kai 100 mA. Gwada naka kafin ka rufe akwati. Pico yana karɓar 1.8V zuwa 5.5V a ƙafar VSYS, don haka batirin 18650 da allon caji na TP4056 mai kariya, ta hanyar diyod Schottky, sun ishe shi. A Teensy, in za a ba shi wuta ta VIN, a yanke siririn layin da ya haɗa VIN da VUSB a bayansa, kada batir da kwamfuta su yi karo.

Akwai gwaji ɗaya da zai taimaki mai son kiɗan gida ya tsai da zaɓinsa. Tsarin taku 16 ya samo farin jini ne daga injuna irin Roland TR-808 ta 1980, kuma rabon huɗu-huɗu yake bi. Kiɗan gargajiya da yawa na ƙasar Hausa uku-uku yake tafiya, saboda haka tsawon tsari ya zama abin sauyawa tun ranar farko, 12 ko 16 ko 24, har ma kowane layi da nasa tsawon, don ganga ta zagaya a 12 shantu ko tafi a 8. Kowane allo zai yi wannan. Kalangu ne ke tace su. Makaɗi yana matse igiyoyin a hammata amo ya hau bayan bugu ya riga ya fita, don haka gutsure ɗaya daskararre ba zai taɓa yin magana irin tasa ba. Ana buƙatar sauya saurin karanta gutsuren yana cikin fita: ninki 1.0595 yana ɗaga rabin amo, 1.5 yana ɗaga kusan amo uku da rabi ya kuma gajarta sautin da sulusi, kuma tunda wurin karatun zai riƙa faɗawa tsakanin awo biyu, sai an auna tsakaninsu, in ba haka ba sautin ya yi ƙaiƙayi. Wannan yana son gutsuren ya kasance a RAM ko filash, domin karatu daga kati da sauri mai canzawa yana ninka wahalar da aka ambata a sama. Pico na farko zai yi wa murya kaɗan da cikakkun lambobi, bit 16 na sama su nuna awo, 16 na ƙasa su nuna tsakani. Pico 2 da ESP32-S3 za su yi wa takwas. Teensy mai PSRAM da Daisy za su yi wa duk muryoyin, su bar maka sarari ka ajiye bugu uku ko huɗu na kalangun, sako-sako da matsakaici da matsattse, ka riƙa zame amo daga mafi kusa, domin gutsuren da aka ja fiye da amo biyu daga asalinsa yakan daina kama da fata.